Ni da Surukina a Bakin Tekun Malta

Tun da muka dawo ban huta ba. A masallaci a tare ni, a shagon nama a tare ni, har Ishaya, abokina ɗan Jos da ke zaune a Aston, wanda ba ya kirana sai motarsa ta ƙi tashi, ya bugo waya wai yana so ya kai madam ɗinsa Malta, in gaya masa wane bakin teku ne ya fi kyau. Tambayar kowa ɗaya ce: ya ruwan, ya yashin, ya abincin? To ga shi na rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tare ni sai in tura masa. Amma ku sani tun yanzu, in jerin wurare kuke nema kun zo wurin da bai dace ba, domin kwana shida cikin bakwai ƙafafuna nake kallo. Da surukina na tafi.

Wanda ya tashi a nan Ingila ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ni a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi aka haife ni, inda mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ya hango surukinsa a hanyar kasuwa sai ya cire takalmi ya tsuguna tun mutumin yana nesa, in da hali ma ya saki hanya ya bi ta gona. Ba a cin abinci gaban suruki, ba a faɗin sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a dariya har haƙori ya fito. Da wannan tarbiyya na zo Birmingham karatu, na samu aikin injiniya, na zauna a unguwar Small Heath, sai Allah ya haɗa ni da Safiyya, 'yar likita, haifaffiyar Manchester, wadda ke zama kan hannun kujerar ubanta tana tsintar dankali daga farantinsa. Shekara tara da aurenmu ban taɓa sa loma a bakina a gidansu ba. In muka je sai in gaida Baba Dakta daga bakin ƙofar falo, in ce zan duba mota, in gangara Wilmslow Road in ci shawarma a tsaye, in goge baki in dawo. A ganina duk ƙasar Ingila babu surukin da ya kai ni ladabi.

Bara Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya farfaɗo, magana ta dawo, amma ƙafar hagu da hannun sai a hankali, hawa benen gidansu kuwa ya zama aiki. Shawara ta tsaya kan abu biyu: ko su sayar da gidan su dawo wurinmu, tunda muna da ɗaki a ƙasa, ko su koma Zariya gidan Lawal, ɗan ƙanensa. Safiyya ita kaɗai suka haifa, kuma duk lokacin da aka ambaci Zariya sai ta shige banɗaki ta kunna famfo don kada mu ji kukanta. Wata Lahadi ta dawo daga Manchester, ta ajiye makulli ta ce, "Ka san abin da Baba ya ce? Ya ce ba zai shiga gidan da maigidan ke gudunsa ba. He thinks you can't stand him, Nasiru."

Na ce, "Ni? Girmamawa ce fa."

Ta ce, "To girmamawarka za ta kai mini uba Zariya. Na yi booking. Malta, sati ɗaya, flat ɗaya, mu biyar. In ya ga za ku iya zama tare, zai zo. In bai gani ba, ka san sauran."

Mu biyar ɗin su ne ni da ita, da 'yarmu Amira mai shekara bakwai, da Baba, da Hajiya mahaifiyarta. Su huɗun duk fasfon Birtaniya gare su. Ni kaɗai ne mai kore, don haka ni kaɗai na sha jelen London neman biza, da takardar wurin aiki da ta aure da hotuna, kamar zan sake neman Safiyyar daga farko.

Daga Manchester jirgin zai tashi, ranar Litinin. Muka kama babbar hanyar M6 da sassafe, muka yi ta rarrafe tsakanin robobin nan masu tsini da ake jerawa a titi, waɗanda tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ganin ma'aikaci ko ɗaya a bayansu ba. Muka ɗauki su Baba. Akwatin Hajiya sai da muka kama shi mu biyu. Daga baya na ga abin da ke ciki: yaji, kuka, daddawa, garin rogo, 'yar tukunya, da butoci biyu, domin ta ce ba ta yarda da ƙasar da ruwa ya kewaye ta amma babu buta ba.

Jarrabawar farko a wurin binciken kaya ta same ni. Aka ce a cire bel. Wandon da na sa ya yi mini yawa, don haka na riƙe ƙugu da hannu ɗaya na shiga na'urar nan da ake tsayawa a ciki. Ma'aikacin ya ce in ɗaga hannu. Na ɗaga ɗaya. Ya ce, "Both arms, sir." Na waiga, Hajiya ce a bayana, taku biyu. Na buɗe ƙafafu iya buɗewa, na kumbura ciki, na ɗaga hannu biyu ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wandon ya sauka kaɗan ya tsaya. Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ita ta san al'ada, sai ta ɗaga kai tana nazarin silin. Baba kuwa, da aka bi da shi ta wani layi a keken marasa lafiya, yana can gefe ya zuba mini ido tun daga farko har ƙarshe.

A jirgi na tarar Safiyya ta zaɓa mini kujera kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, awa uku da ɗoriya. Da masu tura abinci suka zo, ya karɓi burodi mai cuku guda biyu, ya miƙo mini ɗaya. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Baba, azumi nake," ba.

Ya ce, "A tafiya?"

Na ce, "Litinin ce, na saba ne."

Ya ce, "Madalla." Ya cinye duka biyun a hankali, ƙamshin yana shiga hancina.

A filin jirgin Malta muka isa gaban jami'ar shige da fice gaba ɗaya, ni ke tura keken. Ta buga wa huɗun hatimi ba tare da ta ɗaga kai sosai ba, da ta zo kan koren fasfo sai ta gyara zama. Ina za ka sauka? Kwana nawa? Da sunan wa aka kama masaukin? Safiyya da gangan ta sa sunan Baba. Na tura wa jami'ar takardar. Ta ce ta iya karatu, ni take tambaya, wane ne wannan mutumin da nake turawa, mene ne sunansa. Na ce Dakta. Ta ce Dakta wa? Na ga ta fara kallona irin kallon wanda ya tsinci iyali a hanya ya maƙale musu. Safiyya ta taka mini ƙafa. Na faɗi sunan ƙasa-ƙasa. Jami'ar ta ce ba ta ji ba. Sai na faɗe shi da ƙarfi, cikakke, har da na mahaifinsa, a gaban mai shi da matarsa da layin mutane. Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗaya ya isa. Ta buga hatimi. Muna wucewa Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ashe ka san shi."

Masaukinmu a Mellieha yake, wani gari a kan tudu da ke kallon teku. Mai gidan wata tsohuwa ce, Karmena, gajera mai ƙiba, da gicciye a wuya. Tana ganin Baba ta rungume shi ta sumbace shi kunci biyu. Fuskar Hajiya a lokacin ban da kalmar da zan kwatanta ta, amma daga ranar ba ta sake barin Baba shi kaɗai a bakin ƙofa ba. Harshensu in ka saurara sai ka rantse Larabci ne aka jiƙa da ruwan Italiya, har Baba ya zauna suna ƙidaya tare, yana murna yana gane rabi. Muna cikin haka wani ƙato ba riga ya shigo gyaran fanka, ya buɗa tukunyar da Karmena ta kawo mana, ya ɗebi loma a tsaye, ya leƙa taga ya ƙwala wa mijinta kira da sunansa tsirara. Karmena ta ce mijin 'yarta ne, yaron kirki. A garinmu da an tara masa dattawa kafin la'asar.

Gidan yana da kyau, amma banɗaki ɗaya ne, ƙofarsa gilashi ce mai duhu-duhu, kuma falo take kallo, daidai inda Baba ya kafa kujerarsa. Duk motsin da aka yi a ciki ana jinsa har kicin. Saboda haka kowace safiya nakan ce zan duba motar haya, in ɗauki buta ɗaya a leda, in gangara wani shagon shayi a ƙasan tudu. Ba a shiga banɗakin mutane hannu rabbana, sai in sayi wani abu, kuma a nan na gano pastizzi. Ɗan fulawa ne mai ɓawo-ɓawo da ake cusa wa cuku ko dakakken wake, da zafinsa ake ci, yana farfashewa a baki. Na tambaya ko da man alade ake yi, mai shagon ya rantse mini da Allah da hotunan da ke bango cewa nasa babu. Naman zomo ne abin alfaharinsu, amma tunda ban ga wanda ya yanka ba, kifi da pastizzi na riƙe. A gida kuwa azumi na ci gaba. Ranar Talata na ce ramuwa ce. Ranar Laraba ina shigowa Amira ta dube ni ta ce, "Daddy, you've got crumbs all in your beard." Na kai hannu na kakkaɓe burbushin pastizzi daga gemuna. Baba ya juya shafin jaridarsa.

Yanzu ga bakin tekun, tunda shi kuke tambaya. Golden Bay muka fara zuwa, kuma ba laifi: yashi mai laushi, wurin ajiye mota kusa, ga shaguna. Matsalar ita ce inda mutum zai ajiye idonsa. Dama mace ce da abin da bai kai hankici ba, hagu mijinta ne da abin da ya fi nata ƙanƙanta, gaba kuma surukaina ne. Na kafa musu lema, na shimfiɗa tabarma, na koma baya na tsaya da doguwar riga da takalmi sau ciki, hannu a baya. Wata tsohuwa 'yar Bolton da rana ta gasa ta yi jawur ta ɗago daga kujerarta ta ce, "Are you their driver, love?" Na ce a'a, mijin 'yarsu ne. Ta ce to me na yi musu?

Washegari muka je wani da ke maƙwabtaka da shi, Ajn Tuffiha, wanda suke rubuta sunansa da haruffan da su kansu ba sa furtawa. Safiyya ta ce ya fi ko'ina kyau a tsibirin, kuma daga sama na yarda: tudu ja ya rungume ruwan, mutane kaɗan ne. Dalilin ƙarancin mutanen shi ne matakala, ta kusa ɗari biyu. Ishaya, in gwiwar madam tana ƙara, ka manta da shi. Matan suka sauka, aka bar ni da Baba a sama, ga benci ga inuwa. Safiyya ta waiwayo ta yi mini kallon da na gane, wato ga dama nan.

Baba ya ce, "Injiniya, zauna mana."

Na tsuguna a ƙasa gefen bencin.

Ya ce, "Akwai zafi."

Na ce, "Akwai, Baba."

Wannan ita ce hirarmu ta awa ɗaya da rabi. Wani Bajamushe mai sandar hawa dutse ya tsaya ya tambayi Baba ko ba ni da lafiya ne, ko a kira mota. Baba ya ce lafiyata ƙalau, haka aka yi ni. Na ji ya yi ajiyar zuciya, amma ni a lokacin har ina yaba wa kaina.

Ranar Alhamis muka shiga jirgin ruwa zuwa Blue Lagoon, a wani ɗan tsibiri da ake kira Comino. Wannan shi ne wanda kuke gani a hotuna, kuma hotunan ba su yi ƙarya ba, ruwan shuɗi ne garau, kana ganin ƙasansa. Abin da ba su nuna muku ba shi ne jama'a. Yashin bai fi tabarma ashirin ba, sauran duk dutse ne mai kaifi, kowa ya maƙale a kai yana shan abu a cikin ƙoƙon abarba yana ɗaukar kansa hoto, ga kiɗa daga kowane jirgi. In za ku je ku tafi da jirgin farko, ku gudo kafin azahar.

A nan abin ya faru. Jirgin ya tsaya jikin dutse, ruwa na ɗaga shi yana saukewa, sai an yi ɗan taku mai faɗi kafin a dira. Ni na riga na sauka. Baba ya zo baki, sanda a hannun dama, ya miƙo ƙafar da ba ta jin magana. Ni ne mafi kusa da shi. Kuma wallahi abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ina ake kama suruki? Ƙugu? Hammata? Na miƙa hannu na janye, na sake miƙawa na kama bakin hannun rigarsa da yatsa biyu. Jirgin ya ja baya, ƙafar ta zame, gwiwarsa ta bugi dutse, hularsa ta faɗa ruwa. Kafin in motsa wani ƙaton Bature ba riga, jikinsa duk zane, ya ture ni gefe, ya rungumo Baba ta ƙirji ya ɗaga shi cak. Ya ce, "I've got you, grandad, I've got you." Da Baba ya ji harshensa ya tambaye shi ko ɗan Salford ne, ya ce eh, suka yi dariya, jini na bin ƙaurin Baba. Ya gode masa sau uku. Ni bai dube ni ba.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba irin wadda na saba taƙama da ita ba ce. A hanyar dawowa, cikin ƙarar inji, na ji Baba ya ce wa Hajiya, "In mun koma a kira Lawal, ya sa a fara gyaran ɗakin nan." Bai ɗaga murya ba, bai kuma rage ta ba. Safiyya ta ji. Na zaci za ta yi mini faɗa in mun isa gida, har na shirya. Ba ta yi ba. Ta wanke wa ubanta gwiwa, ta naɗe, ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado tana ninke kayan Amira da ta riga ta ninke.

Juma'a muka wuni a gida. Asabar Baba ya ce mu je tsibirin Gozo mu uku, kada a ɓata wa yarinya hutu. Ana shiga da mota cikin babban jirgin ruwa, minti ashirin da 'yan kai an tsallaka. Bakin tekun Ramla yashinsa ja ne kamar ƙasar gonar gidanmu, wurin shiru, kuma a hanya akwai masu gasa wani burodi mai faɗi da kifi da tumatir da zaitun, ftira, wanda na ci a fili karon farko cikin sati. Ina ba da shawarar Ramla ga duk wanda matarsa ke masa magana. Tawa kalma huɗu ta ce mini daga safe zuwa yamma, biyu daga ciki "sha kwana" ne.

Wanda ya fi duka, tunda sai na zaɓa, shi ne wanda muka raina saboda yana ƙasan tudunmu, Mellieha Bay. Ba shi da kyan hoto, titi ne a bayansa, bas na wucewa. Amma babu matakala, babu dutse, kuma ruwan ba shi da zurfi, sai ka yi ta tafiya a ciki bai wuce ƙugu ba. Ranar Lahadi, jajibirin dawowarmu, Baba ya ce matan su tafi sayen tsaraba da Amira, Injiniya zai kai shi bakin ruwa. Safiyya ta dube shi, ta dube ni, ta miƙa mini makullin mota ta ce za su hau bas.

Na kafa lema, na zaunar da shi, na ja baya zuwa wurin tsayuwata. Sai na ga ya fara cire riga da hannu ɗaya. Na juya ina kallon teku. Na daɗe ina kallo. Can na ji murya daga cikin yadi: "Malam Nasiru, a nan za ka bar ni?" Rigar ta maƙale masa a ka, hannun hagu na ciki. Na je na ja ta a hankali, na zaro hannun. Ban taɓa ganin ko damtsensa ba sai ranar. Mutumin da nake jin tsoron inuwarsa shekara tara, ashe ƙashin haƙarƙarinsa ana ƙirgawa, hannun hagun ya motse ya fi na dama siranta.

Ya ce, "Zauna. A kujera, ba a ƙasa ba."

Na zauna.

Ya ce, "Shekara talatin da wani abu ina GP, likitan unguwa, tsofaffi nake dubawa. Na san abin da ke gabana, na san shi bi da bi. Yau riga ce. Gobe takalmi. Wata rana wanka ne da tsarki. Safiyya 'yata ce, ba zan ɗora mata wannan ba. Hajiya bayanta ya gaji. Council za su riƙa turo mini carer, mai kula da tsofaffi, fifteen minutes, kullum sabuwar fuska. A Zariya akwai maza a gida. Ba ladabinka nake zargi ba, na san inda ka samo shi, ni ma na yi wa mahaifin Hajiya. Tambayata ɗaya ce. Mutumin da ba ya iya kallon fuskata, zai iya kallon sauran?"

Duk tsawon lokacin nan ina zaton so yake mu riƙa hira muna shan shayi. Na ce, "Baba, a gwada ni."

Ya ce, "To tashi. Ruwa zan shiga, physio, mai sa ni motsa jiki, ta ce yana da kyau ga ƙafar. Kuma ka cire rigar nan, ba ta'aziyya muka zo ba."

Na cire. Ya dubi cikina da idon likita ya ce, "Azumin bai taɓa ka ba."

Na naɗe wando zuwa gwiwa, na sa hannunsa mai rauni a kafaɗata, na zagaye ƙugunsa da nawa. Ba shi da nauyi, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Muka yi ta tafiya, taku ɗaya mu tsaya, yara na fantsama mana ruwa, har tekun ya kai mana ƙugu, wandona ya jiƙe sharkaf. Ya ce yana so ya kwanta a kan ruwan yadda yake yi da, in tallafe masa kai, kada in saki. Na sa tafukana biyu ƙarƙashin ƙeyarsa. Ƙafar da ta ƙi shi wata goma sha ɗaya ta taso sama da kanta tana lilo. A haka babu inda zan kai idona, fuskarsa na tsakanin hannuwana, yana kallona ina kallonsa. Ya rufe ido, na ga yana murmushi. Mun fi minti goma. Hannuwana suka yi tsami ban saki ba.

Da muka fito, akwai famfon wanka a tsaye a bakin titi, inda kowa ke ɗauraye gishiri a bainar jama'a. Ya dafa ƙarfen da hannun dama. Na danna ruwa, na wanke masa kai, na cuɗa bayansa, na ɗaga hannun hagun na wanke ƙarƙashinsa, na tsuguna na cire yashin da ke tsakanin yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, ina kauce wa ciwon gwiwar. Ya ce, "Ka sa ƙarfi mana, ba ƙwai kake wankewa ba." Na sa ƙarfi. Na goge shi da tawul, na mayar masa da riga, hannun hagu tukuna, yadda ya koya mini a wurin.

Bai ce komai a kan Zariya ba, ranar ko a jirgi, ni ma ban tambaya ba. Muka sauke su a Manchester, muka kamo hanyar Birmingham cikin ruwan sama. Safiyya ta tambaye ni me muka yi a bakin ruwa, na ce wanka.

Kwana goma bayan nan ina wurin aiki wayata ta yi ƙara. Lambar Baba ce, kuma ni ya kira, ba 'yarsa ba. Na miƙe tsaye a tsakiyar ofis kafin in ɗauka. Bayan gaisuwa ya ce in na koma gida in auna masa faɗin ƙofar banɗakin ƙasa. Ban jira tashi ba, na ce wa manaja uzuri ya taso, na je na auna, na kira shi na faɗa masa.

Ya yi lissafi, sannan ya ce, "Ta yi kaɗan, keken marasa lafiya ba zai shiga ba. Ka nemo mai aiki a faɗaɗa ta kafin sanyi ya shigo."